Rabin Milimita a Ƙirjin Bakwaini

Tun kafin a koya mini riƙon na'urar hoton zuciya aka koya mini ɗumama man da ake shafa wa ƙirji. Wata tsohuwar nas ce ta karɓe robar man daga hannuna, ta damƙe ta a tafinta na ɗan lokaci, sannan ta miƙo mini ba tare da ta ce uffan ba. Sai daga baya na gane. Jaririn da bai kai kilo ɗaya ba, fatarsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda take, ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi. Ɗan sanyin da ni ko ji ba zan yi ba ya isa ya rikita masa numfashi, na'urorin da ke kansa su ɗau ƙara. Saboda haka ba ma buɗe kwalbar gaba ɗaya. Ta tagoginta biyu ake zura hannu, ɗaya riƙe da kan na'ura, ɗaya tallafe da jaririn, idonki kuma na kan allo wanda yake can gefe, wuya a karkace. Kan na'urar ma, mafi ƙanƙanta da ake da shi, yakan rufe kusan rabin ƙirjin.

Aikina ke nan shekaru da dama, duba zuciyar jariran da suka riga lokacinsu zuwa duniya. Ba su da kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin cikinsu ya cika mako 37. Waɗanda na fi zama da su su ne na can ƙasa, 'yan ƙasa da mako 32, musamman 'yan ƙasa da mako 28, waɗanda da yawansu nauyinsu bai kai giram 1,000 ba.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, da ƙofofi huɗu masu hana jini komawa baya. Biyu suna tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa: ta hagu mai ƙyaure biyu, wadda a bakin aiki muke ce wa maitiral, da ta dama mai ƙyaure uku. Sauran biyun a bakin fita suke, ɗaya tana kai jini huhu, ɗaya tana sakin shi cikin babbar jijiyar da ke ciyar da jiki duka. Abin da muke aunawa shi ne faɗin bakin ƙofar, daga inda ƙyaure ya kama bango a wannan gefe zuwa inda ya kama a wancan. A jaririn da ya cika watanninsa, ƙofar babbar jijiya takan kai wajen milimita 7, kaurin fensir ke nan. A bakwaini mai kilo ɗaya kuwa tsakanin 4 da 5 take, ta ɗan ɗara wayar cajar da ke jakarki. Ta wannan 'yar kafa jinin ƙwaƙwalwa da hanji da ƙoda yake bi, sau 150 ko 160 a kowane minti.

Akwai wani dare da har yau in na tuna shi sai na ji kunya. An kira ni in duba wani yaro da aka haifa a mako 26, nauyinsa giram 820, kwanansa biyu a duniya. Ana zargin ɗan bututun nan da ke haɗa jijiyar huhu da babbar jijiya, wanda muke kira PDA, bai rufe ba. Kowane ɗan tayi yana da shi, domin a cikin mahaifa huhu ba ya aiki, sai jini ya kewaye shi ta wannan hanya. Wanda ya cika watanni, bututun yakan rufe da kansa cikin kwana biyu ko uku. Na bakwaini yakan ƙi, jini ya riƙa kwarara huhu fiye da kima. Tun 1976 ake ba da indometasin don a rufe shi, daga baya aka ƙara da ibuprofen da farasitamol. Ƙa'ida ce kafin a ba da ɗayansu a tabbatar sauran zuciyar lafiya take.

Na ga bututun a buɗe, kamar yadda aka zata. Sai na juya kan na'ura zuwa tsinin zuciya, inda ake ganin ɗakunan huɗu a jere, na tsayar da hoto, na ja layi a bakin maitiral. Milimita 5.2. Na zuba lambar a manhajar da ke wayata tare da nauyi da tsawon yaron, ta ba ni maki -2.1.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan maki, don shi ne tushen rigimar. Makin Z ake ce masa. Ana tara yara masu lafiya a auna su, a fitar da matsakaici ga kowane girman jiki, shi ne sifili. Wanda ya fi matsakaici makinsa ya hau, wanda ya gaza ya sauka. Kusan kashi 95 cikin 100 na lafiyayyu tsakanin -2 da +2 suke faɗawa. Wato ko a cikin yaran da babu abin da ke damunsu, kusan ɗaya cikin 40 zai faɗa ƙasa da -2. Na san wannan sarai, na ci jarrabawa a kansa. Amma ƙarfe biyun dare, da na ga lambar ta koma ja a allon waya, sai gabana ya faɗi. Ƙaramar maitiral tana iya zama alamar ɓangaren hagu bai ginu sosai ba, ko babbar jijiya ta tsuke a wani wuri. In haka ne, bututun da muke shirin rufewa shi ne ke kai wa rabin jikin yaron jini. Rufe shi kisa ne. Abin da ake yi a irin wannan hali shi ne akasin haka, a ɗaura ruwan furostagilandin don bututun ya zauna a buɗe, shi kuma maganin yana iya ɗauke wa jariri numfashi. Magunguna biyu masu gaba da juna, ga ni tsaye a tsakiya da lamba guda.

Na kira malamin da ya koya mini aikin.

"Malam, a yi haƙuri, na tashe ka."

"Ina jin ki."

Na zayyana masa. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Sau nawa kika auna?"

"Sau ɗaya."

Ya yi shiru, irin shirun nan da ya fi faɗa ciwo. "Da wane jadawali manhajar take lissafi?"

Nan ma sai na yi tsuru-tsuru. Na fi shekara ina amfani da ita, ban taɓa buɗe shafin bayaninta ba.

Ya ce, "To, kada ki ba shi komai tukuna, na rufewa da na buɗewa duk ki ajiye. Koma ki duba mini ko ɗakin hagu ya kai har tsinin zuciya. Ki duba inda jini ya dosa a lanƙwasar babbar jijiya. Ki sa yatsa a matsematsinsa ki ji bugu. In duk kin same su, je ki kwanta, da safe mu auna tare."

Na same su duka. Ban kwanta ba dai, na zauna na karanta abin da ya kamata a ce na karanta tuntuni.

Jadawalan da aka fi yawo da su a manhajoji, yara ne daga haihuwa zuwa shekara 18 aka auna aka gina su. Akwai na Ditiroit a Amurka da aka wallafa a 2008, yara 782. Akwai babba da wata haɗakar cibiyoyin zuciyar yara ta Arewacin Amurka ta fitar a 2017, yara 3,215. Ayyuka ne masu kyau, ba na raina su. Sai dai dukansu da faɗin fatar jiki suke danganta girman ƙofa, wanda ake lissafawa daga nauyi da tsawo, galibi da ƙa'idar Haycock ta 1978. Babban mutum yakan kai murabba'in mita 1.7. Jaririn da ya cika watanni, mai kilo 3.5, kamar 0.22 ne. Mai kilo ɗaya, 0.1. Yaron da ke gabana a daren nan bai ma kai 0.09 ba. A can gefen jadawalin yake, inda yaran da aka auna suka yi ƙaranci, layin kawai aka ja ya ci gaba da gangarawa. Manhaja kuwa ba ta da kunya. Ko nauyin ɗan tsako ka zuba mata za ta ba ka maki, har da ɗigo da lamba a bayansa, kamar ta gani da idonta.

Wani zai ce, to a ɗauko jadawalin 'yan tayi mana, tun da shi ɗan mako 26 da a ciki ya kamata a ce yake. Akwai su kuwa, masu duba masu juna biyu suna amfani da su. Amma zuciyar da ke cikin mahaifa aikinta daban. Can ɓangaren dama ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka, huhu cike yake da ruwa, mabiya ce ke numfashi a madadinsa. Da an yanke cibi huhu ya buɗe, sai jini ya fara dawowa hagu da yawa, nauyin da ke kan ɗakin hagu ya canza cikin sa'o'i. A kwanakin farko ɗakin dama yakan kasance a cike, ya ɗan danne na hagu, har hagun ya yi kama da ƙarami alhali lafiyarsa lau. Bakwaini ya bar jadawalin ciki, bai isa na waje ba.

An yi bincike a kan bakwaini su kaɗai, ana kuma ci gaba da yi, kuma abin da ake gani shi ne ƙofofin suna bin nauyin jiki sau da ƙafa. Amma duk wanda ya zauna zai haɗa irin wannan jadawali sai ya ci karo da tambayar da ba ta da daɗi: wane ne lafiyayyen ɗan mako 25? Kusan dukansu suna da robar iska a hanci ko bututu a maƙogwaro. Da yawansu PDA ɗinsu a buɗe yake, shi kuma idan babba ne yana cika ɗakunan hagu da jini har su buɗe fiye da yadda suke. In ka cire duk masu wannan daga lissafi, 'yan kaɗan za su rage maka. In ka bar su, to matsakaicinka ya haɗa da zukatan da suka kumbura. Ga kuma nauyin kansa. Bakwaini yakan zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ko fiye a makon farko, ruwa ne ke fita, zuciyar ba ta rage ba. Da wanne za a yi lissafi, na ranar haihuwa ko na yau? Tsawo kuwa, duk wadda ta taɓa ƙoƙarin miƙar da ƙafar jaririn da ke naɗe cikin wayoyi ta san santimita biyu ba wuyar ɓata gare su ba. Sannan ɗan mako 30 da bai samu isasshen jini a mahaifa ba ya fito da giram 900, ba ɗaya yake da ɗan mako 27 mai giram 900 ba, ko da sikeli ya ce ɗaya suke.

Duk wannan matsalar jadawali ce. Tawa matsalar ta hannu ce, kuma ita ce malam ya nuna mini da gari ya waye.

Na'urar tana aika sauti mai kaɗawa sau miliyan 10 zuwa 12 a sakan ɗaya, ya bugi nama ya dawo, ta mayar da amsar hoto. Asalin dabarar ma daga masu neman tsaga a jikin ƙarfe ta fito: a 1953 likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz, a garin Lund na Suwidin, na'urar da ake duba ƙarafa da ita a masana'antar jiragen ruwa suka aro suka ɗora a ƙirji. Ƙarfe dai a tsaye yake. Zuciyar bakwaini kuwa kowane bugunta bai kai rabin sakan ba, kuma a cikin wannan ɗan ƙiftawar ido akwai inda ya dace a tsayar da hoto. Maitiral ana auna ta lokacin da zuciya ta saki jiki ta fara cika, ƙyauren sun buɗe iyakar buɗewarsu. Ƙofar babbar jijiya kuma a tsakiyar matsawa. Ni na tsayar da nawa hoton da ƙyauren ba su gama buɗewa ba, kuma kan na'urar ya ɗan karkace, na yanki ƙofar ta gefe maimakon ta tsakiya. Yanki zobe ta gefe ka gani, kullum sai ya fi ƙanƙanta.

Akwai wani abu kuma da sai mai yi yake lura da shi. Na'ura ta fi iya bambance abubuwa biyu da ke jere a kan hanyar sautin, ɗaya gaba ɗaya baya, fiye da waɗanda ke kafaɗa da kafaɗa. Ita kuwa maitiral, in an kalle ta daga tsinin zuciya, a kwance bakinta yake, wato ta ɓangaren da idon na'ura ya fi rauni. Ƙara wa hoton haske kaɗan, gefunan su yi kauri, bakin ya tsuke. Rage, ya buɗe. Ba ka taɓa jaririn ba ka canza masa maki.

Malam ya karɓi kan na'urar, ya jira yaron ya lafa, ya ɗauki hotuna uku daga bugu uku daban-daban. 5.7, 5.9, 5.8. Ya miƙo mini ya ce in sake. Na samu 5.8. Manhajar nan dai, wadda ta hana ni barci, ta ce -1.2. Rabin milimita da ɗoriya, shi ne tsakanin cuta da lafiya a idonta.

Kada a ɗauka a nan kawai rabin milimita yake ɓarna. Idan muna son sanin yawan jinin da zuciya ke turawa a minti, faɗin ƙofar babbar jijiya muke ninkawa da kansa a cikin lissafin. Ƙofa mai milimita 4 da aka auna ta 4.5, sakamakon zai haura da kusan kashi 27 cikin 100. Abin da ake sa rai a jariri tsakanin mililita 150 ne da 300 ga kowane kilo a minti. Yaron da jininsa ya gaza, yana 130, kuskuren nan zai iya ɗaga shi zuwa 165, a ce lafiya lau, a wuce shi. Shi ya sa in zan bi yaro kwana da kwanaki, awon ƙofar da na yi da kyau a ranar farko nake ci gaba da sawa, don ƙofa ba ta girma tsakanin Litinin da Laraba, hannuna ne ke canzawa.

Abin da ya fi damuna a labarin nan bai shafi lissafi ba. A daren, cikin ruɗewa, na rubuta -2.1 a takardar yaron, na ja masa layi biyu. Kafin mu sake awo wani ya karanta, ya faɗa wa wani, maganar ta isa kunnen mahaifiyarsa. Da na fito na tarar da ita a bakin ƙofa, tana dafe da ɗinkin cikinta, ko tsayuwa sosai ba ta iya yi.

"Likita, an ce zuciyarsa ta yi ƙanƙanta. Gaskiya ne?"

Na ja mata kujera. Na ce, "Mamansa, zauna tukuna. Ƙarama ce, amma daidai jikinsa. Dubi hannunsa, in ya dunƙule shi, kusan girmanta ke nan. Ni ce na yi awo cikin gaggawa jiya, na rubuta abin da bai kamata in rubuta ba. Mun sake, ni da babbanmu, sau huɗu."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "To in kin sake aunawa gobe ta sake canzawa fa?"

Ban ga laifinta ba. Na ce mata duk ranar da za a sake dubawa zan kira ta ta tsaya a bayana ta ga allon. Haka kuwa aka yi. Na nuna mata ƙyauren biyu suna buɗewa suna rufewa kamar fukafukan malam-buɗe-littafi, ta sa hannu ta rufe baki.

Tun daga ranar ban ƙara rubuta makin Z shi kaɗai ba. Nakan rubuta awon da milimita, sau uku, da nauyin da na yi lissafi da shi da ranar da aka ɗora yaron a sikeli, da sunan jadawalin. In yaron ya faɗa wajen iyakar jadawalin, nakan faɗi haka ƙarara a takardar. Nakan kuma kwatanta ƙofar hagu da ta dama a zuciya guda, domin ta dama bisa al'ada takan ɗan fi faɗi kaɗan, idan tazarar ta yi yawa a nan ne nake tsayawa in sake dubawa. Har yanzu takardu na zuwa hannuna daga wurare daban-daban ɗauke da maki tsirara, babu awo babu sunan jadawali, kuma har yanzu abin na ba ni haushi, don awo ɗaya in ka zuba shi a jadawali biyu maki biyu za ka samu. Wanda ya karɓi takardar ba shi da yadda zai gane ko zuciyar ce ta canza ko manhajar.

Wani bincike da aka yi a Okasfod ta Ingila, aka wallafa a 2013, ya duba matasan da aka haifa bakwaini bayan sun girma, ya tarar ɗakin hagu na zuciyarsu ya fi na sauran gajarta, cikinsa ya fi ƙanƙanta, namansa kuma ya fi nauyi. Zuciyar da ta ƙarasa ginuwa a kwalba ba ta bin sawun wadda ta ƙarasa a ciki. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ga ana ƙoƙarin cusa ɗan giram 700 cikin layin da aka zana da 'yan makaranta.

Shi yaron an ba shi ibuprofen a rana ta uku, bututun ya rufe. Na sake duba shi ana gab da sallamarsa, nauyinsa ya haura kilo biyu, har ya samu ƙarfin da zai riƙa ture kan na'urar da hannu. Sai da mahaifiyarsa ta riƙe masa hannayen biyu sannan na samu hoto mai kyau. Na auna sau uku, na juya mata allon, ta karanta lambobin da kanta.